Jefa PDF a gurup ba shi ne karatun intanet ba

Ƴan uwa matasa, akwai wani abu da muka saba da shi har muka daina ganin aibunsa. Mushe ya tura wa delege darasi, delege ya jefa shi cikin gurup na WhatsApp, mutum ɗari biyu su gani, mutum goma su ce «an gode», sauran su yi tsit. Bayan mako biyu wani PDF ɗin ya sake faɗowa. Ranar jarabawa a haɗu a aji, kowa da abin da ya iya haddacewa shi kaɗai a ɗaki. Abin da da yawa daga cikinmu ke kira karatu ta intanet ke nan, tun daga cibiyoyin koyon sana'a har manyan makarantu, har ma da horon da ƙungiyoyi ke shirya wa matasa kyauta. Ni a ganina wannan aikin ɗan aike ne, ya kai saƙo ya juya. Karatu yana farawa ne sa'ad da ɗalibi ya buɗe baki ya ce «ban gane ba», wani ya amsa masa, na uku ya ce «a'a, ba haka ba ne», a yi ta ja har magana ta fito fili. Duk darasin da ba a yi wa wannan ja-in-ja wuri a cikinsa ba, an tsara shi ne don ɗalibi ya yi shiru, kuma shirun zai yi.

Mun san daga ina al'adar ta samo ƙarfi. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantun Nijar baki ɗaya, ba a sake buɗewa ba sai farkon Yuni. Ba wanda ya shirya wa abin. Malamai sun yi abin da hannunsu ya kai, kuma wanda ya ɗauki hoton takardunsa ya tura wa ɗalibai da kuɗin megarsa ya cancanci godiya. Sai dai dabarar gaggawa ce, irin ta wanda rufin ɗakinsa ya yoye cikin dare ya tara kwano. Shekaru sun wuce, kwanon na nan a tsakar ɗaki, har mun fara kiransa gyara.

Kuma karatun nesa ba zai koma inda ya fito ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi ta samu gindin zama ne a 2010, lokaci ɗaya da ta Damagaram da ta Tawa, kuma kowace shekara sabbin masu bak na ƙara tururuwa a ƙofofin jami'o'in ƙasar. Ga ma'aikacin asibiti da ke son ƙaro ilimi ba tare da ya bar aikinsa ba. Ga matar aure mai goyo da ba za ta iya wuni a aji ba. Ga ɗan Tibiri ko ɗan Jiratawa da kuɗin kabu-kabu na zuwa da komawa kullum ya fi ƙarfin gidansu, ko da yake tafiyar ba ta da nisa. Waɗannan duka waya ce ƙofarsu. Tambayar da ta rage ita ce, in sun shiga ta wannan ƙofar, aji za su tarar ko kango?

Duniya ta riga ta gwada kangon, da kuɗi mai yawa. Wajen 2012 manyan jami'o'in Amurka suka buɗe darussa kyauta a intanet, aka yi ta shelar cewa ilimin Harvard zai isa kowane ƙauye. A 2019 wasu masu bincike biyu, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, suka fitar da sakamakon nazarinsu a mujallar Science a kan darussan Harvard da MIT da ke dandalin edX. A zangon 2017 zuwa 2018, cikin kowane mutum 100 da suka shiga, mutum 3 da ɗan ɗoriya ne suka kammala. Ku lura, malaman nan manya ne, bidiyon mai kyau ne, kuma mafi yawan ɗaliban a ƙasashe masu wadata suke, inda wuta ba ta ɗaukewa, rezo ba ya yankewa. Dalilan barin karatun suna da yawa, amma ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, in mutum ya ɓace daga aji ba wanda ya lura, ba wanda ya kira shi ya ce «wane, lafiya kwana biyu?», to ɓacewar ba ta yi masa nauyi. In haka ta faru inda komai ya wadata, me muke tsammani ga yarinyar da ke aron wayar yayanta bayan isha'i?

Akwai wani binciken da ya fi wannan daɗewa. A shekarun 1970, wani malamin lissafi mai suna Uri Treisman a jami'ar Berkeley ta Kalifoniya ya so ya gane dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata, waɗanda suka zo da maki mai kyau daga sakandare, ke faɗuwa a lissafin shekarar farko, alhali ƴan asalin Sin na cinyewa. Ya bi su ya ga yadda suke karatu. Sai ya tarar baƙar fatan suna ƙoƙari matuƙa, amma kowa shi kaɗai yake rufe ƙofa ya yi. Ƴan Sin ɗin kuwa bayan kowa ya yi nasa, sai su haɗu da dare, su ci abinci tare, su duba wa juna aiki, su gyara wa juna kuskure. Da ya shirya wa ɗalibansa zaman aiki a rukuni, da tambayoyi masu wuya, sakamakonsu ya tashi. Kaifin ƙwaƙwalwa ɗaya ne, zaman ne ya bambanta.

Mu kuwa bai kamata sai wani daga Kalifoniya ya faɗa mana wannan ba. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san malam ba shi kaɗai ke koyarwa ba. Gardi na biya wa titibiri, titibiri na biya wa kolo, kuma wanda ya biya wa wani, karatunsa ne ke ƙara zama. A makarantar zaure, bayan malam ya ba da ƙari, ɗalibai kan koma gefe su yi bita a tsakaninsu, wannan ya karanta, wancan ya tare shi inda ya yi tuntuɓe. A nan jihar Maraɗi ne, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, inda matan da da yawansu ba su taɓa shiga lakwal ba suka koyi lissafin asusu da bashi da riba a gaban juna, kowane mako, kowa na ganin abin da ke shiga akwati. Yau ana kwaikwayon tsarin a ƙasashe da dama. Sassabin zamani ma, wato barin kututturan itatuwa su sake tohowa a gona, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman yankin nan tun 1983, ya bazu ne saboda manomi ya leƙa gonar maƙwabcinsa ya tambaya, har masu bincike ke ƙiyasin ya kai hekta kusan miliyan 5 a kudancin ƙasar. Ba wanda ya tura wa manoman nan PDF.

Ko fada da ake yawan zagi, ku dube ta da kyau. Mutum bakwai ko takwas, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowa da aikinsa: mai hura gawayi, mai kawo sukari, mai zuba shayi. In ɗaya bai zo ba kwana biyu, sai an je gidansu. Duk wanda ya ci bak a garin nan ya san ƙungiyar bita, da baƙin allon da aka jingina a bango, da alli, da fitilar bakin titi. Abin mamaki shi ne, muna da wannan gadon duka, amma da aka ce mu koma waya, sai muka bar shi a ƙofa muka shiga da abu mafi rauni a lakwal ɗin da muka gada, wato mushe ya yi ta faɗa, ɗalibi ya yi ta kwafa.

Saboda haka magana ta ga masu tsara darussa ce, malaman jami'a ne, ko masu cibiyoyin horo, ko ƴan uwanmu na ƙungiyoyi da ke shirya wa matasa koyon kwamfuta da kasuwanci. Hulɗar ɗalibai ba ta tsirowa da kanta kamar ciyawar damina. Cewa «duk mai tambaya ya yi» a ƙarshen saƙo ba ya haifar da tambaya. Dole a gina ta cikin darasin tun ranar da aka zauna tsara shi, kamar yadda magini ke barin wurin taga tun yana aza tubali.

Abu na farko shi ne yawa. Gurup mai mutum ɗari biyu kasuwa ce, kuma ba wanda ke son tona jahilcinsa a tsakiyar kasuwa. Mutum uku masu baki su ne za su mamaye wurin, sauran su zama ƴan kallo. A bar babban gurup don sanarwa kawai, a raba ɗalibai biyar-biyar ko shida-shida. Kuma malami ne ya kamata ya raba, domin in aka ce kowa ya zaɓi abokansa, ƴan gari da suka yi lise ɗaya za su haɗe, masu ƙoƙari su haɗe, a bar baƙo da mai rauni su tattara kansu. A gauraya: mai babbar waya da mai ƙarama, ɗan Zariya da ɗan Bagalam, ɗan cikin gari da na Tibiri. Kowane rukuni ya daɗe tare aƙalla zango guda, don sai an saba ake iya cewa «wallahi ni ban gane komai ba». A raba aiki a ciki, kuma ya riƙa zagayawa kowane mako: mai tunatar da lokaci, mai tattara amsa, mai neman wanda ya yi shiru.

Abu na biyu, kuma shi ne zuciyar maganar, shi ne irin aikin da ake bayarwa. In aikin mutum ɗaya zai iya yinsa, to mutum ɗaya ne zai yi, sauran su sa suna. Duk mun san eksozen da mutum shida ke tsayawa gaban allo alhali ɗaya ne ya kwana yana rubutu. Wannan laifin tsarin aikin ne kafin ya zama laifin ɗalibai. A 1971, a garin Austin na jihar Texas, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Elliot Aronson ya shiga makarantun da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da ƴan asalin Meziko bayan dogon wariya, ana ta faɗa a tsakaninsu. Dabarar da ya kawo mai sauƙi ce: a yanka darasi gida-gida, kowane yaro a ba shi yanki ɗaya da ba wanda ke da shi, sannan a yi jarabawa a kan duka. Dole ka saurari wanda ka raina, don abin da kake nema na hannunsa.

Ku ɗauki misali da darasin noma, tun da jami'armu na da tsangayar aikin gona da muhalli, ga kuma cibiyar binciken INRAN a Tarna. A ce darasin a kan ƙwarin amfanin gona ne da asarar da suke jawowa. Maimakon shafi arba'in a kan ƙwarin wata ƙasa, a ce wa ɗan Jiratawa ya shiga filin noman rani na garinsu, ya ɗauki hoton ganyen tumatir ko zogale da ƙwari suka ci, ya tambayi manomi wane magani yake fesawa, sau nawa, nawa yake saye. Ɗan Tibiri ya je gonar gero ya tambayi dattawa yadda murzuna ke cin zangarniya, a wane lokaci na damina take fitowa, ko sun taɓa jin labarin ɗan ƙaramin ƙwaron nan da masu bincike na Maraɗi ke saki a ƙauyuka don ya kashe ta. Ƴar cikin gari ta shiga kasuwa ta ga yadda farashin kwandon tumatir mai tabo ya bambanta da na mai lafiya. Na huɗu ya karanta abin da littafi ya ce. Na biyar ya haɗa duka. Tambayar da rukunin zai amsa guda ce: wace shawara za ku ba manomin da ke da jika goma kacal a hannu?

Ku ga abin da ya faru a nan. Ɗan ƙauyen da a aji yake zama can baya yana jin kunyar faransancinsa, yanzu shi ne mai riƙe da abin da kowa ke jira. Nisansa da gari, wanda dā shi ne cikas ɗinsa, ya zama dukiyar rukunin. Ɗalibin gari kuma ya koyi abin da ba ya cikin kowane PDF. Haka za a iya yi a darasin kiwon lafiya, kowa ya je asibitin unguwarsu ko na ƙauyensu ya tambayi yadda ake karɓar masu zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta da Satumba, tare da kiyaye sirrin marasa lafiya. Haka a darasin kasuwanci, wani ya tambayi mai ƙuli-ƙuli, wani mai sayar da atamfa, wani mai kai kaya Jibiya ta hanyar Ɗan Isa, yadda canjin naira da sefa ke taɓa ribarsu. Garin nan cike yake da darasi, waya kawai ke haɗa masu ɗebo shi.

Abu na uku shi ne murya da harshe. Mu mutanen magana ne. Iyayenmu da ba su iya rubutu ba sun ƙware da saƙon murya, suna cinikin buhunan wake da shi daga nan har Kano. Me ya sa a darasi za a ce sai rubutu, sai kuma faransanci mara kuskure? Ɗalibi da yawa ba rashin fahimta ke hana shi magana ba, tsoron a yi masa dariya a kan nahawu ne. A bar tattaunawar cikin rukuni ta gudana da Hausa, ko Hausa gauraye da faransanci kamar yadda muke yi kullum, a saƙon murya na minti ɗaya ko biyu. Rahoton ƙarshe ne za a rubuta da harshen da makaranta ta tanada. Wanda ya iya bayyana wa ɗan uwansa yadda ƙwayar cuta ke shiga jini da Hausa, shi ne ya gane da gaske, don ba inda zai ɓuya bayan manyan kalmomin da ya haddace. Tun 2025 ma dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, to ai bai dace a ce a gurup ɗin karatu ne kaɗai take zama abin kunya ba. In a rukunin akwai ɗan Zabarma ko Babarbare ko baƙo daga Chadi ko Benin da Hausarsa ba ta nuna ba, sai a koma harshen da ya haɗa kowa. Manufar ita ce kowa ya samu bakin magana.

Abu na huɗu shi ne lokaci. Wasu masu tsara horo suna ganin hulɗa ita ce kowa ya hau bidiyo kai tsaye ƙarfe huɗu na yamma. Sa'a guda ta bidiyo na iya cinye megar da ɗalibi ya yi tanadin ta kai shi mako. Ba mu manta ba, a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba mu, aka shafe watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa, har aka ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024. Ko ba takunkumi, kowa ya san yadda wuta ke yi a watan Afrilu da Mayu. Darasin da ya dogara ga kowa ya kasance da caji da rezo a minti ɗaya, ya riga ya zaɓi ƴaƴan masu sola da janareta ya kori sauran. A ba da tazara: tambaya ta fito Litinin, kowa ya ba da tasa amsar kafin daren Laraba, ya mayar wa mutum biyu martani kafin Juma'a, rukuni ya miƙa matsaya ranar Asabar. Mai zuwa gona da safe zai samu shiga, mai goyo za ta samu shiga in yaro ya yi barci, mai zuwa cajin waya a shago ma haka. Fayil ya zama mara nauyi, hoto a rage masa girma, bidiyo in ya zama dole kada ya wuce ƴan mintoci.

Akwai wata dabara da wani malamin kimiyyar fiziks a Harvard, Eric Mazur, ya fara a farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa na cin jarabawa amma ba su gane ainihin abin ba. Yakan jefa tambaya mai zaɓi, kowa ya zaɓa shi kaɗai, sannan ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya shawo kansa, sai a sake zaɓe. Sau da yawa amsar daidai kan ƙaru a zagaye na biyu tun malam bai ce uffan ba, saboda wanda ya gane abu jiya-jiya ya fi tuna inda wuyar take fiye da wanda ya gane shi shekara ashirin da suka wuce. Wannan ba ya buƙatar komai sai ƙuri'ar da ke cikin WhatsApp ko Telegram. Megar da za ta ci ba ta kai ta hoto ɗaya ba.

Abu na biyar shi ne maki, don kada mu yaudari kanmu, ɗalibi na bin inda maki yake. In jarabawar ƙarshe ita ce komai, to duk wani zancen aiki tare surutu ne. A ware wa aikin rukuni kaso mai tsoka, amma a raba shi biyu: makin rukuni, da makin abin da kowa ya kawo. Waya ma ta fi aji sauƙin wannan, don komai na nan a rubuce ko a naɗe, ana ganin wanda ya yi magana da wanda ya laɓe. Sannan ranar gabatarwa malami ne zai zaɓi wanda zai yi bayani, ba tare da sanarwa ba. Da zarar rukuni ya san ana iya kiran mafi rauninsu, su da kansu za su zaunar da shi su koya masa. A kuma koya wa ɗalibai duba aikin juna da ma'auni bayyananne, tambaya uku ko huɗu: ya amsa abin da aka tambaya? Ina hujjarsa? Me ya rage? Da farko za su yi ta yabon juna don kara, daga baya su saba. Wanda ya iya ganin ramin da ke aikin wani ya fara iya ganin na aikinsa.

Akwai maganar da ba a cika son yi ba, ita ce ta ƴan mata. Da zarar lambar yarinya ta shiga gurup, sai saƙonnin dare su fara: «salut», «kin yi barci?», har abin da ya fi haka muni. Wasu iyaye da mazaje saboda wannan suke hana shiga gurup gaba ɗaya, wasu ƴan matan kuma su shiga amma ba za su taɓa tura murya ba. Duk mai tsara darasin da bai yi tunanin wannan ba, ya rufe wa rabin ajinsa baki. A kafa doka tun ranar farko, a rubuce: lambar da ka samu a gurup ta karatu ce, wanda ya bi wata ta gefe ba da yardarta ba za a fitar da shi, kuma ga wadda za a kai wa ƙara, mace, ba delege namiji kaɗai ba. Kada a jefa mace ɗaya tilo cikin maza biyar, a sa su biyu ko uku. Inda hali ya yi, a yi amfani da dandalin da ba ya nuna lambar waya, kamar Moodle, wanda tun fitowarsa a 2002 aka gina shi a kan tunanin cewa ɗalibai tare suke gina sani. Dokar ta hau kan malamai ma, ba ɗalibai kaɗai ba.

Karatun nesa kuma ba ya nufin kada a taɓa haɗuwa. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, amma ta gina wa ɗalibai cibiyoyi a garuruwa inda suke zuwa su samu rezo da na'ura da junansu. Buɗaɗɗiyar jami'ar Najeriya, NOUN, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, har da Katsina da Kano nan kusa da mu. Mu ba sai mun jira gini ba. Aji ɗaya a wata makaranta a Tibiri ranar Asabar, rumfa ɗaya a Jiratawa mai sola da wurin caji, gidan matasa a cikin gari. Magadan gari da ƙungiyoyin unguwa za su iya wannan ba tare da jiran Yamai ba. Mutanen da suka sha shayi tare sau ɗaya a wata, hirarsu a waya daban take da ta waɗanda ba su taɓa ganin fuskar juna ba.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Mutum ɗaya da ɗalibai ɗari uku, ga wasu azuzuwan, ga shekarar karatu da ke hawa kan wata, yaushe zai bi rukuni sittin? Ba zai iya ba, kuma ba a ce ya yi ba. Ai dalilin tsarin ke nan. Tambayoyi da yawa za su mutu a cikin rukuni, don wani ya riga ya amsa. Abin da ya gagari mutum biyar shi ne zai hau sama, sai malam ya amsa shi sau ɗaya, a saƙon murya na minti biyar a ƙarshen mako, yana ambaton rukunin da ya yi tambaya mai kyau da kuskuren da ya fi yawa. Ɗaliban masta su zama gardawa, kowane ya riƙe rukuni biyar ko shida, a ba su ɗan alawus ko a lissafa musu shi cikin karatunsu. Amma gaskiya ɗaya ce, tsara irin wannan darasin na cin lokaci kafin a fara, kuma hukumomin makarantu su daina ɗaukarsa aikin sa kai. Sa'o'in da malami ya yi yana tsarawa da bibiya a lissafa su kamar sa'o'in aji, a kuma ba shi kuɗin mega.

Wasu kuma za su ce aiki tare ƙofar satar amsa ce. To ai satar amsa ta fi sauƙi a tsarin da muke ciki yanzu, inda tambayar ɗaya ce ga kowa, amsarta na cikin shafi na goma sha biyu, ko kuma a tambayi manhajar da ke rubuta wa mutum komai cikin daƙiƙa. Abin da manhaja ba za ta iya ba shi ne ta je Jiratawa ta tambayi manomi nawa ya sayi maganin feshi a makon nan, ko ta tsaya ta kare amsar sa'ad da abokin karatu ya ce bai yarda ba.

Ku kuma ƴan uwana ɗalibai, kada ku zauna jiran a gyara daga sama. In darasinku PDF ne kawai, ku nemi mutum huɗu ku buɗe naku ƙaramin gurup, ba na barkwanci da bidiyon TikTok ba. Ku raba shafukan, kowa ya karanta nasa ya naɗo bayani na minti biyu da Hausa. Ku sa rana. Ku jawo wanda kuka san ba shi da kowa a gari, da wadda kuka lura ba ta taɓa magana ba. Mai ilimi a cikinku kada ya ji kamar asara yake yi, don wanda ya biya wa wani, shi ne karatun ke zauna wa. In delege zai je wurin malam, ya tafi da buƙata takamaimai: a raba mu rukuni, a ba mu aikin da sai mun haɗu, a sa masa maki.

Gobe waɗannan ɗaliban ne za su tsaya a kan majinyaci su huɗu cikin dare, ko su zauna da manoma ɗari a kan rabon ruwan rani, ko su riƙe asusun wata ƙungiya. Ba ɗaya daga cikin ayyukan nan da ake yi a ɗaki a rufe. In mun yaye su ba su taɓa jayayya da ɗan uwansu a kan hujja ba, ba su taɓa cewa «ka fi ni gaskiya» ba, to takarda muka ba su, kuma mu ne za mu kwanta a gadon asibitin da suke aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kakanninmu sun faɗa tun babu waya. Zango mai zuwa, duk wanda zai buɗe darasi a intanet a garin nan, kafin ya tura fayil na farko, ya fara rubuta sunayen mutum biyar-biyar.